Mama Sai-Me ta Madakiya

Ranar da aka binne ta, rumfunan da 'ya'yanta suka kafa a Madakiya ba su ishi mutane ba. Matan zumuntar coci sun zo da ankonsu, suna buga tulu suna waƙa, wasu na kuka a cikin waƙar, wasu idonsu a bushe. Mu da muka taso daga kasuwar Kafanchan aka shimfiɗa mana tabarmi a gindin mangwaro, aka kawo mana kunu da faten acca daga tukunyar da aka ware mana mu Musulmi. Fasto ya yi magana mai tsawo, ya ce Ubangiji ya kira baiwarsa gida. Autarta sai da aka rirriƙe ta. Babban ɗanta kuwa, wanda ya yi hedimasta a Kaduna har ya yi ritaya, bai yi kuka ba, yana ta zagaya rumfuna da farin hankici a hannu yana gode wa jama'a.

Akwai wasu mata da suka zauna gefe guda. Ba dangi ba ne, ba 'yan cocinta ba, ba kuma 'yan kasuwa ba. Wasu da hijabi, wasu da ɗankwali. Daga Samaru Kataf suka zo, da Fadan Kaje, da ƙauyukan bayan dutse. Hedimasta ya dube su ya sake dubawa, sannan ya zo ya rusuna kusa da ni.

Ya ce, "Inna, waɗannan baƙin na wane ne?"

Na ce, "Na mahaifiyarka ne."

Wata daga cikinsu ta ji, ta ce, "Baba, mu 'yan sai me ne."

Ya ce sannunku da zuwa, ya wuce, na kuwa ga bai gane ba. Shi ya sa na ce a rubuta wannan. Ni ban yi boko ba, faɗa nake, surukata matar ƙaramin ɗana tana rubutawa, ta kuma ce kada in rage komai ko da a kanta ne. A ranar nan jikana, ɗanta, yana da sauran maganin ciwon daji da bai ƙarasa ba a asibitin Jos, babban ɗana kuma ya hana a mayar da shi. Shi babban ɗan nawa yana zaune a benci cikin maza sa'ad da ake wannan magana. Zan zo kansa.

To. Ita wannan baiwar Allah, rumfarta na jikin tawa tun jirgin ƙasa yana cika tashar Kafanchan da mutane. Ni daddawa da kuka nake sayarwa, ita citta. Ta girme ni nesa. Kowa Mama yake ce mata, har tsofaffi. Takalmin roba na maza take sawa rani da damina. Ba ta cin abinci a tsaye, ba ta kuma yarda a ci a tsaye a gabanta. In ta ce maka sannu sau ɗaya, ta gama, ba ta maimaitawa, wai maimaici na masu saurin tashi ne. Hannunta kullum da wuƙa tana tsaga ɗanyar citta don shanya, ko tana magana ba ta duban wuƙar.

Hausarta irin ta mutanen nan ce da suka tashi da yarensu a gida. Mace da namiji duk "ka" take ce musu. Ni har ta koma ga Allah "ƙanena" take kira na. Na gyara mata tun muna da ƙuruciya, ta ce, "Ka gane ko ba ka gane ba?" Na ce na gane. Ta ce, "To, me ya rage?"

Ana nan ana nan, jikarta ta kamu da ciwo a ido. Uwar yarinyar tana da goyo, sai Mama ta rufe rumfa ta tafi jinya Jos. Ta daɗe, har aka cire citta aka shanya ba ta nan. Yarinyar ba ta tashi ba. Da Mama ta dawo ba ta yi mana dogon labari ba. Abu ɗaya ta faɗa mini, tana tsaga citta. Ta ce a ɗakin yaran nan ta ga iyaye mata suna naɗe tabarma su gudu da 'ya'yansu magani bai ƙare ba, kuma ba don ba sa son 'ya'yan ba. Abubuwa ne suke taruwa su danne mace, na gida da na asibiti da na dangi, har ta kasa gane wanne ne kai wanne ne ƙafa. Ta ce akwai wata nas a can da takan zaunar da su ta koya musu ɗaukar damuwa ɗaya bayan ɗaya, a nemo hanyoyi, a zaɓi guda a gwada. Nas ɗin da biro take yi. Mama ta ce, "Ni ba ni da biro. Citta nake da shi."

Daga nan mata suka fara zuwa rumfarta. Wannan ta gaya wa waccan a mota, waccan ta gaya wa wata a layin karɓar katin asibiti. Ina ganinsu suna zama a bayan buhuna, ban taɓa tambaya ba. Ban san zan shiga layin ba.

Jikana yana aji biyu kumburi ya fito masa a muƙamuƙi. Muka ce haƙori ne. Aka yi na gida, aka yi na kemis, abu sai gaba yake. Daga asibitin nan aka tura su Jos. Ranar da surukata ta dawo da sakamako, daga tasha rumfata ta yo, ko gida ba ta je ba. Ta zube a kan buhun kuka ta ce, "Inna, sun ce ciwon daji ne."

Mama ta leƙo. Ta ce, "Sannu." Sannan ta ce, "To, sai me?"

Surukata 'yar cikin birnin Zariya ce. A kunnenta, da kunnen duk wanda ya sha Hausa a nono, in ka kawo kukanka aka ce maka sai me, an ce maka ina ruwan wani ke nan. Ta miƙe tsaye.

Ta ce, "Sai me? Ɗana ne fa! Tsohuwa da ke, sai me za ki ce mini?"

Ni na san bakin Mama, na san ba haka take nufi ba, amma ranar zuciyata ba ta tsaya sani ba. Na ce, "Mama, in ba ki da abin faɗi, ki yi shiru." Washegari na rataya tsohon buhu tsakanin rumfata da tata. Ina jin ƙarar wuƙarta ta bayan buhun, tana jin tarina. Mutanen kasuwa suka yi ta kai da kawowa, ba wadda ta tanka a cikinmu.

Ranar wata Lahadi bayan an tashi daga coci, sai ga Mama a gidanmu da kayan sujadarta, da faifai a hammata da ƙullin citta. Ta zauna a tsakar gida ba a ba ta kujera ba. Ta aika a kira surukata.

Ta ce, "Hausa na ba shi da kyau, amma tambaya na yana da kyau. Ban ce maka ba komai ba. Na ce bayan kuka, me za a yi. Ka zauna."

Surukata ta zauna, ta juya mata gefe.

"Mene ne yana hana ka barci?"

"Komai."

"Komai ba shi da hannu, ba zan iya kama shi ba. Ka ba ni ɗaya."

Can surukata ta ce, "Ina tsoron zai mutu."

Mama ta ɓalle yatsan citta guda, ta ajiye shi can bakin faifai. Ta ce, "Wannan na Ubangiji ne. Muna ganinsa, ba mu taɓa shi. Kai ka yi salla a kansa, ni in yi addu'a. Sai me?"

A nan ne surukata ta juyo ta dube ta. Ta ce yaron ba ya cin abinci. Aka ɓalle yatsa aka sa a tsakiya. Ta ce ƙannensa, wa zai riƙe su in tana Jos. Aka ɓalle. Ta ce likita yana magana da sauri, ga Turanci, ita kuma in ta buɗe baki sai murya ta ƙi fita. Ta ce mijinta direban babbar mota ne, yau Fatakwal gobe Legas. Ta ce matan unguwa suna cewa jifa ne. Duk wanda ta faɗa, Mama ta ɓalle ta ajiye ta ce sai me, har surukata ta lalubi cikinta ta ce babu saura. Na leƙa faifan. Abin da ta kira komai, ga shi bai cika tafin hannu biyu ba.

Mama ta ce, "Wanne ne na yau?"

Ta nuna na abinci.

"Me za ka yi?"

"In dura masa."

"Hanya ɗaya ke nan. Sai me?"

"In bar shi har yunwa ta kama shi."

"Sai me?"

Surukata ta yi tunani ta ce ƙamshin suya ne ke tayar masa da zuciya, ko a riƙa ba shi kunun gyaɗa da ya huce, kaɗan-kaɗan, nesa da murhu. Mama ta ce, "A ciki wanne ne ba zai sa ku faɗa da yaro ba? Ka ɗauki shi. Amma ka tambayi nas tukuna, ni ba dokta ba. Ka gwada, ka dawo ka gaya mini." Ta tattara sauran ta ƙulle mata a gefen zane. Na bakin faifai ta bar shi inda yake. Da za ta tafi ta ce, "Ƙanena, buhun nan naka yana tare mini iska." Da safe na cire shi.

Haka take yi. Ba ta taɓa ba mace magani ba, ko ganye ɗaya. Ba ta kuma ba da amsa ko da tana da ita a baki. Wannan ya sha ba ni haushi. Na ce mata, "Ke kin san abin da ya kamata, ki gaya mata mana ta huta." Ta ce, "In na gaya masa yau, ranar da ba na nan fa?"

Maganar likita kuwa, wasa ta mayar da ita. Ta rataya igiyar buhu a wuya, ta ɗora gilashin mai gyaran agogo a hanci, ta zauna a kan turmi ta ce, "Yes madam, kwik kwik, mutane suna jira." Surukata ta fara tambaya tana in-ina. Mama ta miƙe kamar za ta fita. "Ka ga dokta ya tafi. Sake." Suka yi ta yi, masu sayen citta na tsaye suna dariya, har surukata ta iya cewa, "Likita, don Allah ka tsaya, ban gane ba, a maimaita mini da Hausa." Da ta faɗa a Jos, likitan ya ja kujera ya zauna ya kira mai fassara. Ƙannen yaron ni da ƙanwar mijina muka raba su. Matan unguwa kuma surukata ta samo abin ce musu da kanta: mun gode, muna addu'a, muna kuma zuwa asibiti. Yatsun citta suka yi ta raguwa a gefen zanenta, wani lokaci sabo ya ƙaru.

Ba kowa ne ya tashi ba cikin yaran. Akwai wata mata daga Fadan Kaje, ta yi duk abin da ake yi, 'yarta ta rasu. Na raka Mama gaisuwa. Ta ce sannu sau ɗaya, ta zauna kusa da ita tun hantsi har rana ta karkata, ba ta ƙara ko kalma ba. A mota na ce, "Yau ba ki yi tambayarki ba." Ta ce, "Yau ba ranarsa ba ne. Shi zai kawo shi da kansa." Bayan an share makoki da daɗewa, sai ga matar a rumfa, ta zauna a bayan buhu ta ce, "Mama, na zo. Sai me?" Yanzu ita ce ke raka sababbin iyaye zuwa Jos ta nuna musu ƙofar da ake shiga.

To, jikana ya fara karɓar maganin nan da ake sawa a ruwa ta jijiya, wanda suke kira kemo, zagaye bayan zagaye. Kumburin ya saɓe kamar ba a taɓa yi ba. Amma gashinsa ya zube, bakinsa ya yi gyambo, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Babban ɗana, wanda shi ne uba a gidan tun rasuwar mahaifinsu, ya shigo wata rana ya tarar da shi yana amai. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ciwo ya tafi. Yanzu maganin ne ke cin yaron nan. Ba za a koma ba." Ba mugunta ba ce, na san ɗana. Uban yaron kuma bai taɓa tsallake maganar wansa ba, ba a kan wannan zai fara ba. Likita kuwa ya riga ya gaya wa surukata cewa in aka tsaya a tsakiya ciwon kan dawo, in ya dawo kuma ba ya jin magani kamar farko.

Mama ta ɓalle yatsa babba ta ce, "Wannan baban yaro ne na gida." Surukata ta nemo hanyoyi. Ta tura ni wurin babban ɗana. Ya ce, "Inna, tausayi ne ya sa na faɗa, ki yi haƙuri." Ta roƙi limamin unguwa ya je ya yi masa magana. Ɗana ya saurare shi da ladabi, ya raka shi har ƙofa, bai sauya ba. Ta haɗa shi da nas a waya. Ya ce ya ji, ya gode. Ranar komawa ta zo ta wuce. Nas ta sake kira ta ce kada a ƙara jinkiri.

A lokacin Mama ta kwanta, ƙafafunta sun kumbura, an mayar da ita Madakiya. Muka je duba ta. Surukata ta durƙusa a bakin gado ta lissafa mata duk abin da ta gwada.

Mama ta ce, "Ba kai ka faɗi ba, hanya ne ya faɗi. Sai me?"

"Mama, babu saura."

"Akwai. Ka je ka nema. Ni na gaji." Ta yi 'yar dariya, ta rufe ido. Iyakar abin da muka ji daga bakinta ke nan, ba a daɗe ba ta rasu.

Mu in mutum ya cika da safe, kafin azahar an kai shi. Su Kirista sukan ajiye gawa a asibiti har 'ya'ya su taru daga nesa. A wannan tsakanin na ga surukata tana yawan waya a bayan ɗaki. Na tambaye ta. Ta ce, "Inna, Yaya ba ya jin magana, amma yana da ido. Kuma bai taɓa ƙin zuwa gaisuwar mutuwa ba." Haka ne. Dillalin citta ne, a hannun Mama ya fara koyon bambance mai kyau da ruɓaɓɓiya. Ko da rarrafe zai je.

Mu koma gindin mangwaro. Da aka rufe kabari jama'a suka fara sallama, surukata ta tashi ta je inda maza suke, mata biyu na biye da ita. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, ga waɗansu suna son gaishe ka."

Ta farko daga Samaru Kataf take. Ta ce, "Alhaji, sannu. Nawa yaron ma kumburin ya tafi. Muka yi godiya a coci, muka zauna a gida. Da ya dawo, bai tsaya a wuya ba." Ba ta ƙara ba, ta koma ta zauna.

Ta biyun ta jawo wata doguwar budurwa da kitso har kafaɗa. Ta ce, "Alhaji, ka ga wannan? Kanta kamar ƙwarya ya zama. Sau nawa na ce na fasa. Yanzu mai kitso ce ke kuka da ita."

Budurwar ta ce, "Haba Momi, a gaban mutane?"

Babban ɗana ya gane an shirya masa. Fuskarsa ta ɗaure. Ya dubi surukata ya ce, "A gidan mutuwa za ki tara mini mata?" Ba ta ɗaga kai ba. Ya dubi wadda ta koma ta zauna, ya dubi budurwar. Sannan ya kaɗa hannu, da irin muryar mai son kashe magana ya ce, "To, na ji. An koma Jos ɗin, sai me?"

Matan nan na gefe duk suka ɗago kai lokaci guda.

Surukata ta ce, "Sai a auna jininsa. In ya kai, a sa masa maganin a ranar. In bai kai ba, sai a nemi wanda zai ba shi. Gyambon baki akwai abin kurkura, na tambaya. Aman kuma akwai allurar da ake yi kafin a fara. Ƙannensa suna wurin su Inna." Ta ɗago ta dube shi. "Kuma Yaya, da aka gwada jinin dangi kwanaki, naka ne ya zo ɗaya da nasa."

Ya tashi ya je ya yi wa hedimasta sallama, ya riƙe hannunsa ya daɗe. Ranar Talata da safe na ji ƙarar motarsa a ƙofar gida, yana cewa a yi sauri kada rana ta yi. Ya dawo da auduga manne a gwiwar hannu, bai yi wa kowa bayani ba.

Yaron ya koma kan magani, da sauran tafiya. Ko zai tashi ban sani ba. Wannan yatsan yana nan a bakin faifai, a kan kabad ɗin surukata, ya bushe ya ƙanƙance, ba mai taɓa shi.

Hedimasta, ga amsar tambayarka, waɗannan su ne baƙin mahaifiyarka. Allah ya ba ku haƙuri, ku da autarta da matan nan 'yan sai me. Rumfarta an ba wani mai sayar da robobi, ba ya magana da kowa. Wata a unguwarmu ta tambaye ni, wai tunda addininmu ba ɗaya ba, ina nake ganin Mama ta sauka. Na ce mata wannan na bakin faifai ne.